Lissafin Yiwuwa da Hasashen Wasa: Darasi Daga Wasan Ƙarshe na Ƙwallon Amurka

A ranar Lahadi, 12 ga watan Janairu na shekarar 1969, aka yi wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, wanda ake kira Super Bowl, a birnin Miyami. Wannan shi ne karo na uku da aka yi irin wannan wasa, kuma an kara ne tsakanin ƙungiyar Colts ta birnin Baltimo da ƙungiyar Jets ta birnin Niyok. Tun kafin ranar ta zo bakin masana da 'yan jarida ya zo ɗaya a kan cewa Colts ce za ta yi nasara, har ma aka ƙiyasta cewa za ta ba da ratar maki 18. Ana saura kwana uku wasan, sai wani matashi mai suna Joe Namath, wanda shi ne madugun 'yan wasan Jets, ya miƙe a wajen wata liyafa ya ce su ne za su ci, kuma shi ya ɗauki lamuni. Mutane da dama suka ɗauki maganar a matsayin cika baki irin na ƙuruciya. Da aka tashi wasa, Jets na da maki 16, Colts na da 7.

Tambayar da ta kamata ɗalibin kimiyya ya yi a nan ita ce: shin masanan ne ba su san aikinsu ba, ko kuwa Namath ne ya san wani abu da ya ɓuya gare su? Amsar tana cikin wani reshe na lissafi da ake kira lissafin yiwuwa, wato ilimin auna abin da bai riga ya faru ba.

Yadda Wasan Yake

Ƙwallon Amurka ya sha bamban da ƙwallon ƙafa da aka saba gani a filayen makarantu. Kowane ɓangare 'yan wasa 11 ne, amma galibi da hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga da shi, ko kuma a jefa wa ɗan'uwa. Shi kansa ƙwallon dogo ne mai tsini a kai da gindi, saboda haka idan ya faɗi ƙasa ba wanda ya san inda zai yi tsalle. Tsawon filin yadi 100 ne tsakanin layukan ƙarshe biyu, wato kimanin mita 91. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta yi haka sai a sake ba ta wasu huɗu, in kuwa ta kasa sai ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin ƙarshe ya samo wa ƙungiyarsa maki 6, sannan a ba su damar neman ƙarin 1 ko 2. Wanda ya buga shi da ƙafa ta tsakanin dogayen sanduna biyu ya samo maki 3. Madugu, wato irin aikin Namath, shi ne mai karɓar ƙwallo a farkon kowace dama ya raba shi.

Abubuwa biyu ne a cikin wannan tsari suka shafi mai lissafi. Na farko, a cikin minti 60 na wasa kowace ƙungiya takan riƙe ƙwallo kimanin sau 10 zuwa 12 ne kacal, don haka kuskure biyu ko uku sun isa su juya sakamako. Na biyu, wasannin shekara ba su da yawa. A zamanin Namath 14 ne, daga 1978 suka zama 16, daga 2021 kuma suka koma 17, alhali kuwa a babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila kowace ƙungiya wasa 38 take yi. Ga shi kuma wasan ƙarshen sau ɗaya tak ake buga shi. Ke nan mai hasashe yana aiki ne da hujja kaɗan, a kan abin da ba za a maimaita ba.

Ratar Maki da Ma'anarta

Ya kamata tun farko a bambance hasashe da duba. Mai duba yana da'awar sanin gaibu. Mai hasashe irin na kimiyya kuwa abin da ya gabata yake tattarawa ya auna, sannan ya ce abu kaza ya fi abu kaza yiwuwa da gwargwado kaza. Irin aikin da masu nazarin yanayi ke yi ke nan idan sun ce akwai yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100.

A Amurka hasashen da ya fi shahara kafin wasa shi ne ratar maki, wadda gidajen caca, musamman na birnin Las Vegas, ke fitarwa. Idan aka ce an ba Colts ratar maki 18, ana nufin idan da za a buga wannan wasa sau da yawa, to a wajen rabin wasannin Colts za ta ci da fiye da maki 18, a ɗaya rabin kuma za ta ci da ƙasa da haka ko ma a cinye ta. Lambar tsakiya ce kurum, kuma sakamakon gaskiya yakan faɗo ko dai sama da ita ko ƙasa da ita.

To, da wace irin tazara yakan faɗo? Wani masanin ƙididdiga mai suna Hal Stern ya binciki wannan tambaya, ya buga sakamakonsa a mujallar The American Statistician a shekarar 1991. Ya ɗauki wasanni masu yawa na farkon shekarun 1980, ya debe ratar da aka yi hasashe daga ratar da aka samu a fili. Da ya jera bambance-bambancen a zane, sai suka ba da siffar nan da ɗaliban ƙididdiga suka sani, mai kama da ƙwarya a kife: sun taru a tsakiya, suna raguwa ta dama da hagu. Tsakiyar ta faɗa dab da sifiri, wanda ke nuna masu fitar da ratar ba su karkata wani ɓangare ba. Amma ma'aunin warwatsuwar, wato lambar da ke nuna faɗin ƙwaryar, ya kusa maki 14.

Wannan lamba ta 14 tana da girma ƙwarai. A irin wannan zane, kimanin kashi biyu cikin uku na sakamako sukan faɗa tsakanin ma'auni ɗaya ta dama da ɗaya ta hagu. Wato a wasa biyu cikin kowane uku kuskuren hasashe bai wuce maki 14 ba, amma a wasa ɗaya cikin uku ya wuce. Daga nan ɗalibi zai iya yin lissafi ba tare da na'ura ba. A ce an ba wata ƙungiya ratar maki 14. Kafin a cinye ta, dole kuskuren ya wuce 14, kuma ya kasance ta ɓangaren da bai yi mata daɗi ba. Rabin ɗaya bisa uku shi ne ɗaya bisa shida, wato kimanin kashi 16 cikin 100. Da irin wannan hanya, idan aka duba jadawalin zanen, za a ga cewa ƙungiyar da aka raina da maki 3 tana da yiwuwar nasara kimanin kashi 41 cikin 100, wadda aka raina da maki 7 kimanin kashi 31, da maki 12 kusan kashi 20, da maki 18 kuwa kimanin kashi 10.

Idan aka ari wannan ma'auni aka ɗora a kan wasan 1969, za a ga cewa ko a bisa ƙiyasin waɗanda suka raina ta, Jets na da dama ɗaya cikin goma. Abin da ke da dama ɗaya cikin goma kuwa yana faruwa kullum a duniya.

Abin da ya Faru a Miyami

Masanan suna da hujjarsu. A wancan lokaci gasa biyu ce a Amurka: tsohuwa mai suna NFL, da sabuwa mai suna AFL wadda ta fara wasa a 1960. Zakarun gasannin biyu ne ke haɗuwa a wasan ƙarshe. A karo biyu na farko ƙungiyar Packers ta tsohuwar gasa ta lallasa wakilan sabuwar, da ci 35 da 10 a 1967, da kuma 33 da 14 a 1968. Ita kuwa Colts ta ci wasa 13 cikin 14 a wannan kaka, sannan ta doke ƙungiyar birnin Cleveland da ci 34 da nema a wasan fitar da zakaran NFL. Madugunta, Earl Morrall, shi aka zaɓa gwarzon shekara a gasarsu. Jets ta ci 11 ne cikin 14, a gasar da ake ganin ba ta kai ba.

A ranar wasa, sau uku Morrall yana jefa ƙwallo 'yan Jets suna cafewa, duk kafin hutun rabin lokaci. A ɗaya daga ciki, wani ɗan wasansa mai suna Jimmy Orr yana tsaye shi kaɗai kusa da layin ƙarshe yana ɗaga hannu, amma Morrall bai gan shi ba, ya jefa wa wani dabam aka tare. Mai bugun Colts ya ɓarar da bugu biyu na maki uku-uku. Jimilla sau biyar Colts ta yi asarar ƙwallo, Jets kuwa sau ɗaya. Irin waɗannan abubuwa su ne ke faɗaɗa ƙwaryar nan ta Stern, domin babu mai iya sanin su ana saura kwana uku.

Sai dai kuma ba daidai ba ne a ɗora komai a kan sa'a. An yi hasashen Colts za ta wuce da 18, sai ga shi an wuce ta da 9, kuskuren ya zama maki 27, kusan ninki biyu na ma'aunin warwatsuwa. A shekara mai bi, wato 1970, aka sake ba wakiliyar tsohuwar gasa, ƙungiyar Vikings, ratar maki 12 zuwa 13 a kan ƙungiyar Chiefs, sai Chiefs ta ci 23 da 7. Idan damar farko ɗaya ce cikin goma, ta biyu kuma kimanin ɗaya cikin biyar, to yiwuwar su faru a jere ita ce 1/10 sau 1/5, wato 1/50. Da zarar abin da aka ce ɗaya ne cikin hamsin ya faru, mai hankali yakan koma ya binciki ƙiyasin da ya fara da shi. Da aka bincika kuwa aibin a fili yake. Ƙungiyoyin gasannin biyu ba sa haɗuwa a wasannin kaka, sai a wasannin share fage da ba a ɗauke su da muhimmanci ba. Kusan duk hukuncin cewa sabuwar gasa ba ta kai tsohuwa ba an gina shi ne a kan wasa biyu, waɗanda ƙungiya ɗaya ce ma ta ci su. Wannan kuskure ne na hujja, kuma laifin masanan ne.

Wani Misali Daga 2008

A ranar 3 ga Fabrairu, 2008, a jihar Arizona, ƙungiyar Patriots ta shiga wasan ƙarshe bayan ta ci duk wasanninta 18 na kakar. Ta tara maki 589 a wasanni 16 na farko, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin lokacin. Abokiyar karawarta, Giants ta birnin Niyok, ta ci 10 ne ta faɗi 6. Aka ba Patriots ratar maki 12. Wani ɗan wasan Giants mai suna Plaxico Burress ya ce su za su ci 23 da 17, aka yi ta yi masa dariya. Ana saura daƙiƙa 35 a tashi, shi ɗin dai ya cafe ƙwallon da ya ba Giants nasara da ci 17 da 14, jim kaɗan bayan wani abokin wasansa, David Tyree, ya riƙe wani jifa ta hanyar danne ƙwallon a jikin hular kwanonsa. Hausawa dai sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Jaridu sun ɗauki wannan a matsayin abin al'ajabi, amma a wajen mai lissafi bai kai na 1969 ba. Kuskuren maki 15 ne, wato ya ɗan ɗara ma'auni ɗaya, kuma damar Giants tun farko ta kusa ɗaya cikin biyar. Bugu da ƙari, makonni biyar kafin nan ƙungiyoyin biyu sun kara, Patriots ta sha da ƙyar da ci 38 da 35. Jerin nasarori 18 ne ya rufe wa jama'a ido, suka mai da kashi 80 cikin 100 kamar kashi 100.

Alamun Ƙarya

Duk inda ake ɗokin wani babban al'amari, mutane sukan nemi alamu. Kafin a fara wasan ƙarshe akan jefa kwabo sama don ƙuri'ar wanda zai zaɓi yadda za a fara. Bayan gasannin biyu sun haɗe a 1970, an raba ƙungiyoyi rukuni biyu, NFC da AFC, kuma daga 1998 zuwa 2011 wakilan NFC suka ci wannan ƙuri'a sau 14 a jere. Yiwuwar haka ita ce 1/2 a ninka da kanta sau 14, wato 1 cikin 16,384. Duk da haka kwabo ba ya tuna jiya. A jifa na goma sha biyar damar kowane ɓangare rabi ce, kuma a 2012 wakiliyar AFC ce ta ci.

Haka kuma a 1978 wani marubucin wasanni mai suna Leonard Koppett ya lura cewa a shekarun da ƙungiyar da ta fito daga tsohuwar gasa ta ci kofi, kasuwar hannun jari takan tashi, in kuwa ta sabuwar gasa ce takan faɗi. Abin ya yi ta dacewa shekaru da dama. Dalilin bai wuce cewa kasuwar ta fi yawan tashi a galibin shekaru ba, su kuma tsofaffin ƙungiyoyi sun fi yawan cin kofi a wancan zamani. A 2008 Giants, wadda tsohuwar ƙungiya ce, ta ci kofi, kasuwar Amurka kuma ta yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na darajarta.

Irin wannan ruɗi ne ke haifar da gwanayen hasashe na bogi. A ce mutum 1,024 kowa yana canka wasa da ka, ba tare da sanin komai ba. Bayan wasa ɗaya kimanin 512 sun dace, bayan na biyu 256, a haka har wasa na goma, inda za a sa ran saura mutum ɗaya da bai taɓa kuskure ba. Shi za a nuna a talabijin, sauran 1,023 kuwa ba mai jin labarinsu. Alkawarin Namath ma ana tunawa da shi ne saboda ya cika. 'Yan wasan da suka yi irinsa aka cinye su ba su da iyaka, an kuwa manta da su. Ita kanta Jets tun daga 1969 ba ta sake zuwa wasan ƙarshe ba.

Yadda Ake Auna Mai Hasashe

Tun da wasa ɗaya bai isa a yanke wa mai hasashe hukunci ba, sai a tara hasashensa masu yawa a gwada. Wani masanin yanayi Ba'amurke mai suna Glenn Brier ya fito da hanya mai sauƙi a 1950. A rubuta hasashe a matsayin lamba tsakanin 0 da 1. Idan abin ya faru a rubuta 1, in bai faru ba a rubuta 0. A debe ɗaya daga ɗaya, a ninka bambancin da kansa, sannan a fitar da matsakaici. Wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi iyawa.

Alal misali, a ce akwai wasa goma, kuma babbar ƙungiya ta ci tara. Mutum na farko kullum 0.9 yake ba ta. A wasa tara kuskurensa 0.01 ne kowanne, a na goman kuma 0.81, jimilla 0.90, matsakaici 0.09. Na biyu kullum cewa yake tabbas ne, wato 1. Ba shi da kuskure a wasa tara, amma a na goma ya kwashi 1 cur, matsakaici 0.10. Na uku ya ƙi ɗaukar matsayi, kullum 0.5 yake cewa, matsakaicinsa 0.25. Abin lura shi ne na farko da na biyu ƙungiya ɗaya suka zaɓa a kowane wasa, amma wanda ya bar wa shakka gurbinta gwargwadon yadda ta cancanta shi ya zo gaba, mai ƙin yanke hukunci kuma shi ne na ƙarshe.

Tun da an ambaci gidajen caca, ya dace a faɗi abin da lissafi ya nuna game da su, ban da hanin da addini da tarbiyya suka yi. A tsarin da aka saba a Amurka, mutum yakan zuba dala 110 ne don ya ci 100. Idan mutum biyu suka zuba a ɓangarori biyu, gidan ya karɓi 220 ya biya 210, ya riƙe 10 ko wa ya ci. Kafin mai zubawa ya tsira da uwar kuɗinsa kawai, sai ya dace sau 110 cikin 210, wato kashi 52.4 cikin 100, alhali an tsara ratar makin ne don damarsa ta tsaya a kan rabi.

Aiki a Aji

Malami zai iya gwada wannan darasi da ƙwayar wake goma a cikin jaka, tara farare ɗaya ja. Farin wake shi ne nasarar Colts, jan kuma nasarar Jets. Kowane ɗalibi ya zura hannu ba tare da dubawa ba ya zaro ɗaya, a rubuta a allo, a mayar, a girgiza. A ajin mutum 40 ana sa ran kimanin huɗu su zaro ja, amma wani ajin zai sami biyu, wani shida, kuma wannan bambanci shi ne warwatsuwar da aka yi bayani. Daga nan sai ɗalibai su lissafa yiwuwar ganin ja aƙalla sau ɗaya a zara goma, ta hanyar ninka 0.9 da kanta sau goma a debe daga 1. Amsar ta kusa kashi 65 cikin 100.

Gwaji na biyu da kwabo ake yin sa. Ɗalibai 32 su miƙe tsaye, kowa ya rubuta fuska ko baya a takarda kafin malami ya jefa, wanda ya kuskure ya zauna. Bayan jifa biyar galibi akan sami mutum ɗaya ko biyu a tsaye, wani lokaci kuma babu kowa. Idan an samu, sai a tambayi ajin ko nawa ne za su yarda da abin da wannan ɗalibi zai faɗa game da jifa na shida, kowa kuma ya rubuta dalilinsa.